Man Da Ke Cikin Citta: Wa Ke Cin Ribarsa?

Duk wanda ya ratsa ta Fadan Kaje, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, a lokacin kaka, zai tarar an tsaga citta an shanya ta ko'ina. In ta bushe sai a ɗura a buhuna, fatake su kwasa zuwa Ikko, jirgin ruwa ya yi ƙasashen waje da ita. Galibi a can ne ake tatse manta, wanda ake sawa a lemon kwalba da turare da magunguna, kuma nan ribar take.

Aikin ba wani tsafi ba ne. Ana niƙa busasshiyar citta a turara ta, man ya biyo tururi ya fito, amma da ƙyar kilo 100 ke ba da kilo 3. Akwai kuma wani danƙo mai yaji wanda akan ciro da sinadaran da ake samu daga man fetur. Yanzu bincike ya nuna ana iya ciro shi da itanol na rake ko rogo. Dusar da ta rage kuwa sitaci ne akasarinta, sai ta zama abincin dabbobi ko ta koma gona a matsayin taki.

Wannan salo, watau neman sinadarai daga tsiro da rage abin zubarwa, shi ne wasu masana biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara wa ƙa'idoji 12 a 1998. Ba baƙon abu ba ne a nan, don kuwa tun kaka da kakanni majeman Kano da bagaruwa suke jima. Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa, Zariya, wadda ta sami wannan suna a 1988 bayan ta daɗe tana binciken fata, ta haɗa taki da maganin ƙwari daga 'ya'yan darbejiya.

To, amma fitar da bincike daga ɗakin gwaji zuwa hannun manomi shi ne jan aiki. Ga kuma cutar da ta auka wa citta a daminar 2023, ta ruɓar da gonaki a Kaciya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. Iri ya yi tsada ƙwarai, har manoma da yawa suka rage filin da suke shukawa.