Van Cliburn: Ranar da Cancanta ta Rinjayi Siyasa

A watan Afrilun 1958 Tarayyar Sobiyet ta shirya gasar kiɗan fiyano ta Tchaikovsky karo na farko a birnin Mosko. Wata shida ke nan da ta harba tauraron Sputnik, tana kuma so ta nuna wa duniya cewa ko a fagen fasaha ta sha gaban Amurka. Sai ga wani dogon saurayi Ba'amurke ɗan shekara 23, mai suna Van Cliburn, ya zo ya kwashe garaɓasar.

An haife shi a 1934 a jihar Louisiana, ya tashi a Texas. Mahaifiyarsa ce malamarsa har ya kai shekara 17, sannan ya tafi makarantar Juilliard ta New York, wurin Rosina Lhévinne, wadda a Mosko ta yi nata karatun. Uwar takan sa shi ya rera kiɗa da bakinsa kafin ya taɓa fiyano. A matsayina na ɗalibin harshe, nan nake ganin sirrinsa: yakan ja numfashi inda jimla ta ƙare, ya sa nauyi inda ma'ana take. Shi ya sa da ya kaɗa waƙoƙin Tchaikovsky da Rachmaninoff, Rashawa suka ji kamar ɗan gida ne ke musu magana.

Alƙalan gasar, ƙarƙashin Emil Gilels, sun shiga tsaka mai wuya, har sai da maganar ta kai kunnen Nikita Khrushchev. An ruwaito cewa tambaya ɗaya ya yi: shin shi ya fi kowa? Da aka tabbatar masa, ya ce a ba shi abinsa.

New York ta yi masa gagarumar tarba, faifansa na Tchaikovsky ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Ya janye daga fage a 1978, ya dawo a 1987 ya yi wa Reagan da Gorbachev kiɗa a Fadar White House. Ya rasu a 2013. Gasar da aka kafa da sunansa a Fort Worth a 1962 tana nan tana fito da matasa.

Mai karatu, da yawanmu muna zama a kwamitocin ɗaukar ma'aikata da na ƙarin girma. In ɗan wani gari ya fi namu, tambayar Khrushchev za mu yi, ko kuwa ɗan waye? Allah Ya ba mu ikon yin adalci.