Abubuwan da ya kamata ka sani game da inganta manhajar wasan ces a waya

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin. Yau ga Stockfish, injin da kowa ke samu kyauta, ya fi Deep Blue ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana aiki a wayar da ke aljihunka. Maganar ƙarfi kam an gama ta. Aikin da ya rage wa masu ƙera manhaja shi ne su daidaita ta da yatsan mutum da batirinsa da netwok ɗin unguwarsu.

Injin da zai yi kuskure irin na mutane

Mai koyo ba ya ƙaruwa da abokin wasan da ke murƙushe shi kullum. Shi ya sa ake rage wa injin ƙarfi. Sai dai injin da aka rage wa ƙarfi yakan buga kamar gwani na ɗan lokaci, can kwatsam ya ba da sarauniyarsa a banza, abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. A 2020 masu bincike daga jami'o'in Toronto da Cornell da kamfanin Microsoft suka fito da Maia, injin da aka horar da miliyoyin wasannin da mutane suka buga a dandalin Lichess, don ya riƙa hasashen abin da mutum zai buga. Da irinsa ne mai koyo ke gane tarkon da takwarorinsa ke faɗawa ciki. A ganina duk manhajar da ke kiran kanta makaranta ya kamata ta bi wannan hanya.

Gidaje 64 da yatsa ɗaya

Faɗin fuskar wayoyin Android da yawa bai wuce ma'auni 360 ba. Raba shi gida takwas, kowane gida ya tashi da 45, alhali Google na ba da shawarar duk abin da za a taɓa ya kai 48. Nan ne ake yin asara: ka ja doki, yatsanka ya rufe gidan da kake nufi, ka sake shi a maƙwabcinsa, wasan da ka ci rabinsa ya salwanta. Manhaja mai kyau takan ɗaga ɗan wasan sama da yatsa yayin ja, ta haska gidan da zai sauka, ta kuma bar mutum ya zaɓi ko ja zai yi ko taɓawa biyu. A doguwar karawa sai ta tambaya kafin ta aika motsin.

Agogo da netwok

A wasan minti ɗaya, jinkirin rabin daƙiƙa kan kowane motsi ya isa ya kayar da mutum. Lichess, wadda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, tana mayar wa ɗan wasa wani ɓangare na lokacin da jinkirin intanet ya cinye masa. Ga mai bugawa daga Kano ko Damagaram, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan da saurin sake haɗuwa bayan yankewa sun fi duk wani ado muhimmanci. Haka ma atisayen da ake saukewa a warware ba tare da data ba.

Batir

Nazarin wasa yana sa waya zafi, domin injin yana auna ɗimbin motsi a kowace daƙiƙa. Mafita ita ce a taƙaita zurfin nazarin, ko a ɗauko wanda aka riga aka yi daga rumbun masu manhajar.

Maguɗi

Tun rikicin zargin maguɗi tsakanin 'yan wasa Magnus Carlsen da Hans Niemann a 2022 wannan batu bai lafa ba. Manhaja na iya lura da wanda ke fita daga wasa yana dawowa da motsi irin na inji. Amma a waya, kiran mahaifiya ma yana fitar da mutum daga allon, don haka sai an haɗa wannan alama da nazarin wasanninsa masu yawa kafin a rufe masa asusu.