Tanhiya: Inda zagin taubashi ke kashe wutar rikici

A ƙaramar hukumar Tanhiya da ke gundumar Tanut, cikin jihar Damagaram, rani ne ke gwada halin mutum. Tafkuna sun ƙafe, shanun Fulani da raƙuman Buzaye sun taru a bakin rijiya ɗaya, kowa na ganin shi ya riga zuwa. A nan ne hannu kan kai ga sanda.

Sai dai mutanen Damargu na da wani birki da ba hukuma ce ta ɗaura ba: wasan taubasantaka. Bafulatani da Babarbare, har da Dagirawa manoman gero, kowa na kiran ɗayan bawansa. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, Babarbare zai iya kiran makiyayi ɓarawo a bainar jama'a, a kwashe da dariya, sannan a zauna maganar diyya. Gaskiyar da ke bakin baƙo za ta jawo faɗa, a bakin taubashi dole a haɗiye ta, domin al'ada ta hana shi fushi, ta kuma hana shi ƙin taimako.

A 2014 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya.

Amma wasan na shan matsi. Gonaki sun daɗe da tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, makiyaya na ƙara ƙuntata. Samarin da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya kuwa sun kwashi zagin zuwa WhatsApp, inda da yawa ba su san wane ne taubashinsu ba.