Shirin Mandela Washington: yadda matasan Afirka ke neman gurbin horon shugabanci a Amurka

Shirin Mandela Washington horo ne na makonni shida kan shugabanci, wanda gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa gaba ɗaya domin matasan ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara. Reshe ne na wani babban shiri da aka fi sani da YALI, wanda Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar a 2010. Obama ya sanar da wannan reshen ne a Soweto a 2013, lokacin da ya ziyarci Afirka ta Kudu, sannan rukunin farko na mutum 500 ya tafi a 2014, aka rarraba su a jami'o'i 20, kowace jami'a mutum 25. A taron da aka yi da su a Washington cikin watan Yulin 2014 aka maƙala wa shirin sunan Nelson Mandela, wanda ya rasu a Disamban 2013. An ɗaga adadin zuwa 1,000 a 2016 da 2017, daga baya aka mayar da shi 700. Annobar korona ta hana tafiya a 2020, a 2021 kuwa ta intanet aka gudanar da shi. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke ba da kuɗin, wata ƙungiya mai suna IREX kuma ta daɗe tana kula da gudanarwa.

Ɗaukar nauyin ya ƙunshi biza, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da masauki, da abinci, da inshorar lafiya mai iyaka. Ba ya biyan albashin da mutum zai rasa idan ya bar wurin aikinsa, ba ya ciyar da iyalin da aka bari a gida, kuma ba a tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. Ma'aikacin gwamnati sai ya nemi izinin ma'aikatarsa, mai shago ko gona kuma sai ya san wanda zai bar wa amana tsakanin Yuni da Yuli, wato lokacin damina a ƙasar Hausa. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin a cika takarda.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Mai nema ya kasance tsakanin shekara 25 da 35, ɗan ƙasa kuma mazaunin ɗaya daga cikin ƙasashen da shirin ya shafa, kada ya zama yana da takardar zama ɗan Amurka ko ta zaman dindindin a can, kada kuma ya zama ma'aikacin gwamnatin Amurka ko na cikin iyalin ma'aikacinta. Dole ya iya karatu da rubutu da magana da Ingilishi, domin da shi ake darussan. Wannan sharaɗin ya fi yi wa matasan Nijar da Chadi nauyi, tunda da Faransanci suka yi makaranta. Babban digiri ba ya cikin abin da ake tambaya, kuma wannan ne ya raba shirin da tallafin karatu irin wanda aka saba.

Mai nema yana zaɓar ɗaya daga fannoni uku: kasuwanci, ko hidimar al'umma, ko gudanar da harkokin gwamnati. Na farko na masu kamfani ne da masu sana'a, na biyu na ma'aikatan ƙungiyoyin sa kai da masu fafutuka, na uku kuma na ma'aikatan hukuma. Jami'o'i irin su Rutgers da Notre Dame da Howard da Dartmouth sun karɓi baƙuncin mahalarta. Bayan makonni shidan a kan tara kowa a babban taro, sannan wasu kaɗan, waɗanda ba su wuce 100 ba, su ƙara makonni suna koyon aiki a kamfanoni da hukumomi da ƙungiyoyin Amurka.

Gasar tana da zafi ƙwarai. A shekarar farko kimanin mutum 50,000 ne suka nemi gurabe 500, wato mutum ɗaya cikin ɗari ya samu. Abin da ke raba gardama shi ne gajerun amsoshin da ake rubutawa a takardar nema ta intanet, inda ake tambayar mutum aikin da ya yi, da matsalar da ya fuskanta, da yadda ya yi aiki da waɗanda ra'ayinsu ya saɓa da nasa, da abin da zai yi idan ya dawo. An ƙayyade yawan kalmomin kowace amsa, saboda haka babu filin dogon sharhi.

A nan ne masu nema da yawa ke faɗuwa, ko da kuwa sun cancanta. Wasu sukan cika amsar da bayanin matsalolin Afirka, talauci da rashin aikin yi da cin hanci, abubuwan da masu tantancewa suka riga suka sani. Wasu kuma sukan zuba manyan kalmomi kan kishin al'umma ba tare da sun nuna abu guda da suka taɓa yi ba. Masu tantancewa suna neman shaida ne. Ungozomar da ta shawo kan masu unguwanni har mata suka fara zuwa awon ciki, ta faɗi ƙauyuka nawa ta zaga, wa ya ƙi ba ta haɗin kai da farko, me ta yi har ya sauko, mata nawa ke zuwa asibitin yanzu idan aka kwatanta da da. Malamin da ya buɗe ajin yamma domin almajirai ya faɗi yadda ya sami ɗakin, da inda kuɗin alli ke fitowa, da abin da ya gagare shi. Irin wannan amsa ta fi shafi guda na kirari ƙarfi, domin ba a iya aro ta daga wani.

Akwai wata wahala da ta shafi wanda ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici. An koya masa cewa yabon kai jahilci ne, sai ya riƙa ɓoye kansa a bayan "mun yi" da "aka yi", har mai karatu ya kasa gane mene ne nasa a cikin aikin. Takardar kuwa mutum ɗaya take tantancewa. Faɗin abin da mutum ya yi da hannunsa, daidai yadda ya faru, ba fahariya ba ce. Ƙarin gishiri ne abin gudu, kuma shi ne ke tonuwa ranar ganawa a ofishin jakadanci. Haka nan amsar da wani ya rubuta wa mutum, ko wadda aka kwafo daga intanet, tana iya jawo a soke takardar baki ɗaya.

Bisa al'adar shirin, ana buɗe neman ne wajen Agusta zuwa Satumba, na 'yan makonni kawai. Bayan tantancewar farko, ofisoshin jakadancin Amurka sukan kira waɗanda suka tsallake domin ganawa, a Najeriya ta hannun ofishin Abuja ko na Legas, a Nijar ta hannun na Yamai. A can ake gwada Ingilishin mutum, a kuma duba ko bakinsa ya yi daidai da abin da ya rubuta. Sakamako kan fito wajen watan Maris. Wanda bai samu ba yana iya sake nema muddin shekarunsa ba su wuce ba. Ba a biyan ko sisin kwabo a kowane mataki, don haka duk wanda ya nemi kuɗin fom ko ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, ɗan damfara ne.

Bizar da ake bayarwa ita ce J-1, ta musayar baƙi, kuma tana tafe da sharaɗin komawa gida: sai mutum ya yi shekara biyu a ƙasarsa kafin ya cancanci wasu nau'o'in bizar aiki ko ta zaman dindindin a Amurka. Shirin bai dace da mai neman hanyar ƙaura ba. Amurka ma ba sadaka take yi ba, tana gina alaƙa ne da waɗanda take hasashen za su riƙe ma'aikatu da kamfanoni nan gaba, kuma babu laifi mai nema ya shiga da sanin haka. Tunda kuɗin gwamnati ne, siyasar Washington tana taɓa shi kai tsaye. A 2025 an rushe hukumar USAID, wadda a da ita ce ke tallafa wa cibiyoyin YALI na Akara da Dakar da Nairobi da Pretoria, kuma a watan Yunin shekarar Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar hana shiga Amurka ga 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Chadi da Sudan. Saboda haka wajibi ne a tabbatar daga shafin ofishin jakadanci ko an buɗe shirin a shekarar da ake ciki, da kuma ƙasashen da ya shafa.

Akwai wasu ƙofofin masu kama da wannan. Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, yana biyan kuɗin digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman gogewar aiki ta awa 2,800, shi ma da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Gidauniyar Mo Ibrahim, ɗan asalin Sudan da ya kafa kamfanin waya na Celtel, tana tura ƙwararru su yi watanni 12 a ofisoshin shugabannin manyan hukumomi kamar Bankin Raya Afirka da ke Abidjan da Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Addis Ababa. Wannan na waɗanda suka riga suka yi digiri na biyu ne da shekaru masu yawa a bakin aiki, kuma mutum uku kacal aka saba ɗauka a shekara.