MRAP: Motocin yaƙin da aka makara wajen saye, aka kuma saya cikin gaggawa

A watan Fabrairun 2005, sojojin ƙundunbalar Amurka da ke Iraƙi suka aika buƙatar gaggawa ta neman motoci masu sulke ƙirar MRAP guda 1,169. Ƙasan motar na da siffar harafin V, wanda ke karkatar da ƙarfin bam zuwa gefe. A lokacin, bama-baman da ake binnewa a hanya ne suka fi hallaka sojojin.

Buƙatar ta maƙale a ofisoshi. Sai a Mayun 2007 Sakataren Tsaro Robert Gates ya sanya motocin a gaban duk wani sayayyar ma'aikatarsa. Aka raba kwangila ga kamfanoni da dama, kuma zuwa 2012 an ƙera fiye da 27,000, a kan sama da dala biliyan 40.

Masu sa ido sun ga laifi ta fuska biyu. A 2008, babban sufeton ma'aikatar ya soki yadda aka yi watsi da buƙatar farko. Ita kuwa GAO, hukumar binciken kuɗi ta Majalisa, ta yi gargaɗin cewa ana ƙera motocin tun ba a kammala gwaji ba, kuma bambancin ƙira zai wahalar da gyara da samun kayan gyara.

Motocin sun ceci rayuka, amma da yaƙi ya lafa sai suka yi yawa. An yayyanka wasu a Afghanistan, an bai wa 'yan sandan Amurka wasu, Najeriya ma ta karɓi 24 a Janairun 2016.