Kafin Ka Kira Mai Tifa: Ƙasa, Tsakuwa da Rufin Gindin Shuka

Daga Funtuwa zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, da wuya ka sami magidancin da bai san ƙasar gona ba. Ya san jigawa, ya san laka, ya san inda masara ke so da inda auduga ke yi. Tun 1975, lokacin da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, malaman gona ke zirga-zirga a wannan yanki. Amma mutumin nan da ba a iya yi masa wayo a gona, in ya gina gida sai ya cike tsakar gidan da marmara, ya haƙa ɗan rami ya dasa mangwaro, bayan shekara biyu yana cewa irin ne ba shi da kyau.

Irin lafiyarsa lau. Marmara ƙasar ciko ce, ta hanya da harsashin gini. Tana daskarewa, ba ta da abincin shuka, saiwa kuma ba ta ratsa ta. Baƙar ƙasar sama, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, ita ce magina ke fara kwashewa ko binnewa. Wanda bai fara gini ba tukuna, ya sa a kankare ta a tara gefe guda. Kyauta ce a yau, gobe da kuɗi zai saye ta.

Wanda kuwa ya riga ya cike, sai saye, kuma a nan ake shan cuta. Kada ka yarda da launi kawai. Ɗebi ƙasar ka jiƙa, ka dunƙula a hannu. In ta warwatse, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta murzu ta yi tsawo tana danƙo, laka ce; a Agusta za ta kwantar da ruwa saiwa ta ruɓe, a bazara ta tsage. Wadda ake nema ita ce mai dunƙuluwa, amma da ka danna ta da yatsa ta farfashe. Ka tambayi mai tifa inda ya ɗebo. Ƙasar juji tana da ƙarfi, sai dai a yau cike take da leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura, bai dace a shuka alayyafo ko zogalen miya a kanta ba. Ta bakin fadama kuma takan zo da aya-aya da kiri-kiri, waɗanda in sun shiga gida sai an yi da gaske.

Ramin bishiya ya kai kamar santimita 60 faɗi da zurfi, ya huda cikon har ya taɓa ƙasar asali. A gauraya baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Ɗanyen kashin kaji ƙona dashe yake yi. Kafin dasawa a cika ramin da ruwa da yamma. In gari ya waye yana nan tsaye, a sake wuri.

Akwai wani hali na ƙasar wannan yanki da ya kamata a lura da shi. Mafi yawanta lallausar ƙura ce da iska ta jibge tun zamanin da, shi ya sa in ruwan sama ya doke ta tana tsirara sai samanta ya yi ɓawo. Ruwa na gaba ya zo ya wuce ta kai, ya tafi da ita kwata. Maganin shi ne rufi, kuma Allah ya hore mana kayansa: yankakken karan masara, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin dawa, buntun shinkafa, da busasshen ganyen darbejiya da muke sharewa kullum muna cinna wa wuta. A shimfiɗa kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Danshi zai daɗe, ciyawa ta ragu, rufin ya ruɓe ya zama taki. Garin katako a bar shi a sama, don in aka cuɗa shi da ƙasa ganye kan yi rawaya. Karan auduga kuwa a guje shi, mafakar tsutsa ce.

Na san abin da mai karatu zai ce: gara fa? Gaskiya ne, busasshen kara yana kiran ta. Amma a gonaki ba kullum take abokiyar gaba ba. Manoman Tawa a Nijar da ke haƙa ramukan tassa suna zuba taki, gara ce ke huda musu ƙasa ruwa ya shiga. A gida dai a yi hattara. A bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin da jikin bishiya, kada kuma ya kusanci bango ko azara.

Jikin bango wurin dutse ne. A zuba tsakuwa a kewaye, musamman inda indararo ke zubar da ruwa, don kada ya zaizaye gindin gini. Iyayenmu da suke daɓe da tsakuwa da makuba sun san wannan. Tsakuwar kwari mai kaifi tana kama juna, ta fi dacewa da hanyar mota. Mulmulalliyar ta rafi ta fi daɗin takawa inda yara ke wasa. Sai dai dutse yana shan rana ya amayar da zafi da dare, don haka a watan Maris da Afrilu yana wahalar da ƙananan shuke-shuke.

Yayin da ake yi yanzu na malale gida gaba ɗaya da siminti ko intalok, a ganina asara ce. Ruwan da ya kamata ya nutse ya ciyar da rijiya, titi yake fita ya shiga gidan maƙwabci. A shimfiɗa simintin ko intalok ɗin inda ƙafa da taya ke bi, a karkata shi kaɗan ruwa ya riƙa zuba a gindin bishiyoyi, sauran filin a bar shi ƙasa.