Ɗauri da kora: yadda mulkin mallaka ya hukunta mata

Daga 1788 zuwa 1853 Ingila ta kwashi mata fursunoni kimanin 25,000 a jiragen ruwa zuwa Ostareliya. Akasarinsu talakawa ne da aka kama da ƙananan sace-sace, aka yanke musu shekara bakwai, amma ƙalilan ne suka sake ganin gida. Da sun sauka sai a rarraba su aikatau a gidajen Turawa. Wadda ta yi ciki, ko da maigidan ne ya yi mata, mayar da ita ake yi gidan horo irin na Cascades da aka buɗe a Hobart a 1828, ta yi ta wanki da ɗinki. Da ta yaye jaririn a raba su, yara da yawa kuwa can suka mutu. Mai taurin kai a aske mata gashi ƙwal.

A Arewacin Nijeriya Turawa ba su kafa irin wannan sansani ba, domin sun tarar da gidan yari da alƙali da dogarai, sai suka bar wa En'e aikin. Kora zuwa nesa ta fi faɗa wa sarakunan da aka tuɓe, irin su Alu na Kano da Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau, waɗanda suka rasu a Lakwaja.

Duk da haka mata sun ɗanɗana. Gambo Sawaba ta bar Zariya ta tafi Kano neman wa jam'iyyar NEPU goyon bayan mata, har cikin gidajen kulle. Aka gurfanar da ita gaban alƙali, ya ɗaure ta wata uku, daga bisani aka kore ta daga Kano aka mayar da ita Zariya. Tafiyar da motar haya ke yi yau cikin 'yan sa'o'i ce, amma manufar ɗaya ce da ta jirgin ruwan: a raba mace da mutanen da ke sauraronta. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga ɗauri goma sha shida, sun kuma ce an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba.

Gidajen yarin En'e sun ci gaba da aiki bayan samun 'yanci, sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe su. Gambo ta rasu a 2001, yanzu kuma babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.